Kasuwar gwanjo na ci a ƙofar gidajenku? Ga yadda za ku tsare tsaftar unguwa da lafiyar mutanenta

Duk wanda gidansa ke maƙwabtaka da kasuwar gwanjo ya san akwai ranar kasuwa, akwai kuma washegarin kasuwa. Ranar kasuwa kowa na washe baki, ana ta ciniki, wani ya samu kujera a araha wani ya rabu da tsohuwar rediyon da ta ishe shi a ɗaki. Washegari kuwa ka buɗe ƙofa ka tarar da takalmi wari ɗaya, fanka ba fuka-fukai, katifar da ko tayawa ba a yi ba an jingine maka ita a katanga, leda ta cika lambatu, ga wani zarni da ke tasowa daga lungun bayan gidanka. Masu kasuwa sun kwana a gidajensu cikin tsafta, kai aka bari da jangwam.

Ni dai na daɗe da daina zagin 'yan kasuwar, dan na gane zagin baya kwashe ko leda ɗaya. Abinda na gane shine sharar kasuwar gwanjo ba irin ta sauran kasuwanni bace. A wasu kasuwanni shara ita ce abinda ya rage bayan an sayar da kaya, anan kuwa kayan da kansa ne ke zama shara. Mutum ya zo da abin da dama neman rabuwa yake dashi, yayi kwantai, ya lissafa wahalar maida shi gida yaga ta fi darajar abin, shikenan sai ya ajiye muku ya kama gabansa. In baku fahimci wannan ba zaku ta siyan tsintsiya da kwandon shara kuna mamakin me yasa ba abinda ya canza.

Kuma matsalar ba yau ta fara ba. Turawa ma kasuwar ƙuma suke ce mata, sunan daga Faransanci ya fito, saboda tsofaffin kaya da tsummokaran da ake zargin suna ɗauke da ƙuma. Babbar kasuwar gwanjon Saint-Ouen da ke gefen birnin Faris masu tsince-tsince a bola ne suka kafa ta a ƙarshen ƙarni na 19, a daidai zamanin da wani jami'i mai suna Eugène Poubelle ya tilasta wa masu gidaje a birnin su ajiye mazubin shara mai murfi a 1884, har yau kuma da sunansa Faransawa ke kiran kwandon shara. Kenan gwanjo da shara tare suka taso, ɗan juma ne da ɗan jummai.

Toh ga yadda za a bi abin, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: ku zagaya da biro da takarda kafin ku buɗe baki

Kar ku fara da taro, kar ku fara da kai ƙara. Mutum biyu ko uku su ware ranar kasuwa guda biyu a jere suyi zagaye sau uku kowace rana, da sassafe lokacin da ake sauke kaya, da tsakar rana lokacin da kasuwa ta cika ta batse, sai kuma bayan an watse. Ku zana taswirar wurin ko da a bayan kwali ne, ba sai tayi kyau ba. Ku sa alama a inda shara ke taruwa, inda ake tsugunawa fitsari, inda motoci ke toshe ƙofar mutane, inda ruwa ke kwanciya, inda wayar wuta ke jan ƙasa, inda yayi duhu da dare. Ku ƙirga masu kasa kaya, ku ɗau hoton wuraren da waya, wurare nace ba fuskokin mutane ba, ɗaukar fuskar mutum ba izini faɗa yake jawowa.

Abin da zai baku mamaki shine sharar ba ko'ina take zuba ba. Kusan kullum wuri uku ne ko huɗu, bakin hanyar fita, wajen masu sayar da abinci, inda ake loda kaya a mota, da kuma duk wani lungu ko kango da ba idon kowa a kai. Wannan takardar ita ce makaminku, da ita zaku je gaban kowa, dan wanda ya zo da "kasuwar nan ta dame mu" ba a sauraronsa kamar wanda ya zo da "ga wuri huɗu, ga abinda muka gani, ga hoto".

Mataki na biyu: ku nemo mai wuƙa da nama

Ko wace kasuwa, komai hargitsinta, akwai wanda ke karɓar kuɗin wuri. Ko mai filin ne, ko ƙungiyar 'yan kasuwar, ko hukuma, ko wani da ya naɗa kansa. Ku bi rasit ɗin, inda kuɗin ke zuwa nan nauyin yake. Ku kuma je ofishin da ke kula da shara da lafiyar muhalli a garinku ku tambayi abu biyu: ko kasuwar nada izini da sharuɗɗan da ke cikin izinin, da kuma ranakun da motar shara ke bi ta yankin. Sau da yawa za a tarar an riga an rubuta cewa mai kasuwa ne zai share wuri, kawai dai ba wanda ya taɓa tambaya ne.

Daga nan ku kafa ɗan kwamiti, ƙarami, mutum biyar zuwa bakwai ya isa, in ya kai ashirin ya zama wurin hira. A samu mazauna unguwa maza da mata, a samu wakilan 'yan kasuwa, a sa ɗaya daga masu sayar da abinci, kuma dan Allah a sa ɗaya daga cikin masu shara ɗin kansu, su suka fi kowa sanin inda gizo ke saƙa amma su ake mantawa dasu kullum. Abinda aka amince a rubuta shi a shafi ɗaya, lokacin buɗewa, lokacin tashi, iyakar kasuwa, wa zai share, wa zai kwashe, nawa ake warewa daga kuɗin wuri, kowa yasa hannu a liƙa kwafi a ƙofar shiga. Maganar fatar baki bata wuce sati uku.

Mataki na uku: a shata iyaka, a ba kowane wuri lamba

Fenti ko farar ƙasa da igiya kawai ake buƙata. A ja layi a ƙasa, kowane mai tebur ko mai shimfiɗa tamfol da nasa gurbin da lambarsa, a rubuta suna da lambar waya a littafi. Wurin da bashi da lamba bashi da mai shi, wurin da bashi da mai shi kuwa bola ne.

Wajen jan layin ku bar hanya ɗaya da ta ratsa kasuwar daga wannan baki zuwa wancan mai faɗin da bai gaza mita 4 ba, wadda ba a kasa ko allura a kanta, saboda motar kashe gobara da motar asibiti. Za a yi muku gardama sosai akan wannan, dan nan ne wurin da ya fi ciniki, ku dage. Ƙofofin gidaje, bakin makaranta, bakin asibiti, kan kwalbati da murfin magudanar ruwa, gindin taransifoma da turakun wuta, duk a fitar dasu daga lissafi. Kuma kasuwa ta samu mafita aƙalla biyu a ɓangarori daban-daban, ba a ɗaure su da sarƙa muddin akwai mutane a ciki.

Mataki na huɗu, wanda in kun yi shi kaɗai ma kun ci rabin yaƙin: buhu da kuɗin ajiya

Anan zan daɗe dan nan ne zuciyar maganar. Mu da farko gayya muka rinƙa yi, duk washegarin kasuwa matasa su fito da tsintsiya da shebur da baro, a share a ɗau hoto a watsa a guruf kowa na sa albarka. Sati na farko mutum talatin, na uku goma sha biyu, na shida ni da wani dattijo da yaransa biyu. Mafi muni ma, 'yan kasuwar da da suke ɗan tattara nasu suka daina gaba ɗaya tunda sun ga akwai masu yi musu kyauta. Gayya tana da amfani sau ɗaya, a kwashe tsohuwar dattin da ta taru a fara daga wuri mai tsafta, amma ba tsari bace.

Tsarin shine wannan. Da safe duk wanda ya karɓi lambar wuri a bashi buhu ko babbar ledar shara guda biyu, ya ajiye wani ɗan kuɗi daban da kuɗin wuri, a rubuta a bashi tikiti. Da yamma in zai tafi sai ya kira mai dubawa, a kalli gurbinsa, ba tarkace, ba kayan kwantai, ya miƙa buhunsa a ɗaure a wurin tarawa, a maida masa kuɗinsa cif a take a wurin. In ya sulale ya bar datti, kuɗin ya zama na masu shara. Ya maimaita sau biyu, gargaɗi a rubuce, na uku ya rasa gurbin.

Abu uku ne ke kashe wannan tsarin kuma duk na gani da idona. Na ɗaya in kuɗin yayi kaɗan, mutum zai ɗauke shi a matsayin ladan shara ya tafi abinsa, dole ya kai yadda barinsa zai ɗan yi ciwo amma kar ya kai yadda ƙaramin mai kasa kaya zai kasa. Na biyu in ana jan ƙafa wajen maidawa, "dawo sati mai zuwa", "mai riƙe da jakar ya fita", daga ranar an daina yarda daku. Na uku son kai, a ƙyale wane dan ɗan uwan shugaba ne. Wallahi mutum ɗaya kuka ɗaga wa ƙafa a gaban jama'a kun rusa komai.

Sai maganar kwantai, manyan kaya irin su katifa, kujera, firji, talabijin, wanda ba buhun da zai ɗauke su. Doka ta farko, abinda ka shigo dashi in bai sayu ba kai zaka fita dashi. Amma tunda mun san halin mutane gara a buɗe musu ƙofar halal: a ware kusurwa ɗaya da mai tsaro, daga awa ɗaya kafin tashi duk mai son rabuwa da kaya ya kawo nan. Mai amfani a bayar ga mabuƙata ko masu tara kayan taimako, ƙarfe da roba da kwali 'yan gwangwan su saya ko su kwashe, ragowar ta bi motar shara. Ku yi yarjejeniya da 'yan gwangwan ɗin takamaimai, ku san su da suna, sharaɗin kawai kar su farke buhun da aka ɗaure su zazzage a ƙasa suna tsince. Amma fa kusurwar nan a ranar za a kwashe ta tas, in ta kwana ɗaya mutanen unguwa da kansu zasu fara kawo tasu sharar cikin dare, nan da wata guda kun haifi sabuwar bola.

Mataki na biyar: mazubin shara, da abubuwan da ba a haɗa su da sauran shara

Masu saye suma suna zubar da nasu, kuma mutum baya tafiya mai nisa da datti a hannu, in bai hango mazubi ba zai saki a ƙasa. Dan haka ku koma kan taswirarku, a sa durom a wuraren nan da kuka yi wa alama, yadda duk inda mutum ya tsaya zai hango ɗaya. Rabin durom mai hannu ya fi cikakke, dan cikakken durom in ya cika mutum biyu basa iya ɗaga shi. Na wajen abinci dole da murfi. A samu mai zagayawa yana juyewa tun kafin su cika, mazubin da ya cika ya tumbatsa gayyata ce, kowa sai ya ajiye a gefensa.

Rabe-raben shara kar ku wahalar da mutane da kala biyar, biyu ya isa: mai ruɓewa da busasshiya. Amma akwai na uku wanda ba na jama'a bane, akwatin da ke hannun kwamiti, na kayan haɗari, kuma kasuwar gwanjo cike take dasu. Batirin mota akwai dalma da ruwan asid a cikinsa, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara kuma ba ta da wani adadi da za a ce ba komai, kar a bari a fasa shi a wurin. Batirin waya da na kwamfuta da na fawa bank, musamman wanda ya kumbura, in aka matse shi ko aka huda shi yana kamawa da wuta da kansa, a naɗe bakinsa da salatif a ajiye a bokitin ƙarfe mai yashi a inuwa. Dogon ƙwan fitila fari da masu lanƙwasar nan akwai zaiba a ciki, kar a fasa. Gwangwanin fenti, na feshin maganin ƙwari, tsofaffin magunguna, baƙin mai, duk nan. Fasasshen gilashi a naɗe a kwali a rubuta a jiki. Allurar sirinji kuwa ba a ɗauka da hannu kuma ba a maida mata murfi, da filaya ko hantsaki ake ɗauka a jefa a jarka mai kauri a rufe a kai asibiti mafi kusa su haɗa da nasu.

Kuma kar a ƙona. Na san shine mafi sauƙi, a tara a kyasta ashana kowa ya huta, amma sharar gwanjo roba ce da soso da fatar waya da yadin roba, hayaƙinsu guba ne, masu asma da jarirai da tsofaffi ke fara biya, ga gwangwanin feshi da batir da ke fashewa cikin wuta, ga iska da ke ɗaukar tartsatsi ta kai kan rumfa.

Masu shara a basu safar hannu mai kauri, takalmin roba, takunkumi, da riga mai ƙyalli in suna aiki bakin titi. A tabbatar sun yi rigakafin tetanus dan ƙusa da tsohon ƙarfe basa ƙarewa a wurin nan. A biya su a ranar.

Mataki na shida: awar tashi

Duk abinda zai lalace a awa ɗayan ƙarshe yake lalacewa, kowa ya gaji, kowa na sauri, duhu na shigowa. Dan haka a sa lokacin tashi tun da sauran haske, aƙalla awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana. A busa usur ko a sanar a lasifika sau biyu, na farko a fara haɗa kaya, na biyu ciniki ya ƙare. Motocin ɗaukar kaya kar su shigo sai masu saye sun ragu, su shigo ta ƙofa ɗaya su fita ta ɗaya. Masu dubawa su tsaya a mafita da littafi da jakar kuɗin ajiya. Masu shara su biyo baya layi-layi, suna farawa daga gefen gidajen mutane suna turowa ciki, ba daga ciki suna turawa unguwa ba, a ɗan yayyafa ruwa saboda ƙura. Kuma sharar bata tsaya a iyakar kasuwa ba, a bi titunan da ke kewaye har inda masu saye ke ajiye ababen hawa, nan ne fa ƙofar gidajenku.

Ku daidaita da motar shara ta zo a daren ko da asubar washegari. In hakan bai samu ba a samu wurin ajiya mai rufi da ƙofa, buhun da ya kwana a fili karnuka da ɓeraye sun farke shi kafin gari ya waye.

Mataki na bakwai: ruwa, ƙwari da ɓeraye

Sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 yake ɗauka in ana zafi, ƙuda ma kusan haka. Kun ga kenan kasuwar da ke ci mako-mako, abinda aka bari wannan satin kafin ta sake ci ya ƙyanƙyashe. Tsohuwar taya ita ce uwar matsala, ruwa in ya shiga cikinta baya fita duk yadda ka juya ta, ko a huda ta ko a ajiye ƙarƙashin rufi ko a fitar da ita. Haka bokitai, tukwane, gwangwanaye, da tamfol ɗin da ya lotsa ya tara ruwa. Mutum ɗaya ya zagaya washegarin kasuwa da bayan kowane ruwan sama yana kifewa, aikin minti ashirin ne.

Lambatu a yashe shi kafin damina, a sa raga ta ƙarfe a bakin kwalbati ta tare leda, kuma abinda aka yaso a kwashe shi a ranar, ba a jibge a baki ruwan farko ya maida shi ciki ba. Masu abinci kar su zuba mai da ruwan wanke-wanke a magudana, man yana daskarewa ya toshe, ya kuma kira ɓeraye. Ɓera ƙarami rami kamar kaurin biro ya ishe shi shiga, kuma fitsarinsa a ruwan da ya kwanta yana sa cuta, dan haka yara su daina wasa a ciki. Maganin ɓera a fili inda yara da dabbobi ke yawo ban goyi baya ba sam, hana shi abinci da maɓoya ya fi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, kuɗin cizo. Katifa da kujerar kushin da aka yar a bakin titi kar yaranku su hau, kar kuma wani ya ja ta gida dan ya ga banza ta faɗi, ƙwaron nan yana wata da watanni ba ci yana jira. Wadda za a zubar a yaga ta ko a fesa mata fenti dan kar wani ya ɗauka. Tufafin da kuka saya kuwa a wanke da ruwan zafi sosai, digiri 60 na kashe su da ƙwansu, a goge da dutsen guga kafin su shiga cikin sauran kaya.

Mataki na takwas: banɗaki

Rubuta "an hana fitsari anan" a bango bai taɓa hana kowa ba. Mutum ya wuni a kasuwa dole ya zaga, in ba wuri bangonka ne wurin. A ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani dashi, banɗaki ɗaya ga rumfa 50 shine na wucin gadi, ɗaya ga rumfa 20 in abin na dindindin ne, ku ɗauki wannan a matsayin mafari ku ƙara saboda masu saye. Na mata daban na maza daban, da sakata ta ciki da haske, da ruwa da sabulu a ƙofa, da mai kula dashi duk wunin. In na rami ne ya nisanci rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 30. Wajen wankewa da bilic a kiyaye kar a haɗa shi da wani sinadarin wanki, musamman masu asid, iskar da ke tashi tana shaƙe mutum. Lungun da aka saba ɓatawa kuma a wanke, a sa fitila, in da hali a ba wani mai tebur gurbi kusa dashi, idon mutum ya fi kowane rubutu.

Mataki na tara: wuta

Tsumma, soso, kwali, tamfol, katako, duk abinda wuta ke so an tara mata wuri ɗaya. Masu gwada kayan lantarki a haɗa su layi ɗaya, mai gyaran wuta na gaske ya ja musu waya ta sama da abin katse wuta, a daina jona soket kan soket ana jan waya a ƙasa inda ake takawa da inda ruwa ke bi. Janareta a waje a fili, kamar mita 6 daga ƙofa ko tagar kowa, bakin hayaƙin na kallon nesa da gidaje, iskar da ke kisa a hayaƙin bata da wari bata da kala. Ba a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi. Masu girki a gefe ɗaya nesa da masu tufafi, tukunyar gas a tsaye a inuwa, a gwada tiyo da ruwan kumfa ba da ashana ba.

A samu abin kashe gobara mai hoda a kowane layi da bokitan yashi, a rataye inda ake gani, a duba allurar ma'aunin da ke jikin abin kashe gobarar tana kan kore. Kuma a koya wa mutane, dan na taɓa ganin an ɗauko shi ana jujjuyawa ba wanda ya san yadda ake buɗewa: a zare fil, a saita gindin wutar ba harshenta ba, a matsa, a rinƙa kaɗawa hagu da dama. Wutar mai da ta lantarki ba a watsa musu ruwa. Ku gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su duba wurin su nuna muku, lambarsu da ta 'yan sanda da ta asibiti a rubuta da manyan baƙaƙe a kowace ƙofa.

Mataki na goma: ababen hawa, cunkoso da ɓata-gari

A ware wurin fakin da masu tsaronsa, a hana tsayawa a kwana da ƙofar gidaje, a samu masu riga mai ƙyalli biyu suna tsallakar da mutane. A roƙi hukuma ta rage gudu a titin ranar kasuwa, kilomita 30 a awa shine abinda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara a inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kar dai ku tashi ku gina tudun rage gudu da kanku ba izini. Cunkoso kuwa in ya kai mutum baya iya juyawa yadda yake so, kamar mutum biyar a murabba'in mita ɗaya, a tsayar da shigowa a buɗe ɗaya ƙofar har ya sassauta.

A sa tebur ɗaya sananne na kwamiti, nan ake kai yaron da ya ɓata, nan ake kai tsintuwa, nan akwatin taimakon farko yake. Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ba a shafa mata komai, yanka a danne da tsumma mai tsafta a wuce asibiti.

'Yan sane suna son matsi, kayan sata kuma suna son kasuwar da ba a tambaya. Littafin nan mai suna da lamba shi kansa yana korar da yawa, a ƙara da cewa mai sayar da waya ko kwamfuta ko keke ya rubuta wa mai saye rasit da lambar jikin kayan. Masu sintiri aikinsu gani da kira ne. In an kama wani a riƙe shi a tebur ɗin kwamiti a kira 'yan sanda, ba duka, ba ihu, dan taron da ya fara duka baya tsayawa tambayar ko shi ne ko ba shi bane. Da dare kuma filin da aka watse a haska shi, fitila mai aiki da hasken rana guda uku huɗu a kusurwoyi, a rufe ƙofa in akwai, teburan da aka bari a jingine su waje ɗaya kar su zama ɗakin kwanan wasu.

Na ƙarshe, lissafi da bibiya

Duk wata a liƙa takarda a ƙofar kasuwa a kuma tura guruf: ga abinda ya shigo, ga na masu shara, ga na mota, ga na buhu, ga saura. Mai karɓar kuɗi daban mai riƙe littafi daban. Lambar waya ɗaya tak ta kai ƙorafi, wanda ya kawo a bashi amsa kafin kasuwa ta gaba ko da amsar "bamu samu yi ba" ce. Ku kuma kalli kanku, dan in za a faɗi gaskiya wani buhun da ake tsinta a wurin daga cikin gidajen unguwa ya fito, dokar da ta hau ɗan kasuwa ta hau mai gida.

In mai kasuwar ya ƙi ba da haɗin kai, ku rubuta masa takarda da kwanan wata ku ajiye kwafi, ku jira kasuwa biyu, sannan ku kai wa hukumar da ta bashi izini tare da taswirar da hotunan da sa hannun maƙwabta. Kar ku toshe hanya, kar ku watsar da kayan kowa, ranar da kuka yi haka maganar ta tashi daga shara ta koma kanku.

Bayan wata uku ku sake ɗauko taswirar farko, mutanen da suka yi zagayen farko su sake yi a lokuta ukun nan, su tsaya a wurare huɗun su ɗau hoto daga inda suka tsaya a da. Wurin da ya gyaru a cire durom ɗinsa a kai inda sabuwar ta ɓullo, dan zata ɓullo, mu tamu bayan wani kango ta koma, sai da muka nemo mai kangon ya sa ƙyaure.